Wayar Ko-ta-kwana: Tarihin Muryar da ke Tsaron Jiragen Sama

 

Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Za mu yi magana a kan wani ma'aikaci wanda kayan aikinshi duka muryarshi ce. Shi ne mai ba jiragen sama hanya. Yana zaune a ƙasa, cikin ɗaki ko bisa hasumiyar filin jirgi. Ya ce wa wannan matuƙi ya hau sama, ya ce wa wancan ya sauko, don kada su haɗu. To, ranar da abin maganar ya mutu a hannunshi, da me zai yi magana?

Ku fara riƙe abu ɗaya. In hanya ta rikice wa direban mota, sai ya taka birki ya tsaya a gefe. Jirgin sama ba ya tsayawa. Babban jirgin fasinja yana cin kilometir 850 cikin awa ɗaya, wato kusan tafiyar Yamai zuwa Damagaram. Cikin minti ɗaya ya ci kilometir 14. Don haka shirun minti biyu, wanda ba komi ba ne a kasuwa, a sama dogon lokaci ne ƙwarai.

Da farko ma babu muryar. A shekarar 1929, a garin Saint Louis na Amurka, an ɗauki wani mutum mai suna Archie League aikin ba jirage hanya. Kayan aikinshi tuta biyu ne. Yakan tura baro zuwa bakin fili, da kujera da laima da abincin ranarshi a ciki. In ya ɗaga jar tuta, matuƙi ya dakata. In ya ɗaga ɗayar, ya wuce. A 1930 filin jirgin garin Cleveland, shi ma a Amurka, ya sa radiyo a hasumiyarshi, aka fara magana da matuƙa baki da baki a can.

Amma mutanen wancan zamani ba su ba radiyo amana duka ba, kuma sun yi gaskiya. Sun ajiye wata fitila mai ƙarfi a hasumiya, wadda ake auna jirgi da ita kamar bindiga. Har yanzu tana cikin dokokin jiragen sama na duniya. In radiyon jirgi ya mutu, mai hasumiya ya haska mashi kore ba ƙyaftawa, ma'ana ya sauka. Ja ba ƙyaftawa, ya ci gaba da kewayawa ya ba wani hanya. Ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kada ya sauka. Matuƙi kuwa, in da rana ne, sai ya kaɗa fikafikan jirgin don a san ya gani. Wannan fitila ita ce kakar duk kayan ko-ta-kwana na wannan aiki.

A filin Croydon da ke kusa da Landan, a farkon shekarun 1920, wani ma'aikacin radiyo mai suna Mockford ya fito da kalmar neman agaji, Mayday. Ku da kuke jin Faransanci kun riga kun san ta, don daga "m'aider" aka ɗauko ta, wato a taimake ni. Jiragen filin yawanci tsakanin Landan da Paris suke zirga-zirga, shi ya sa aka nemi kalmar da kowa zai gane. Daga baya, a watan Disamba na 1944, ƙasashe suka taru a Shikago suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya, wadda muke kira OACI. Cikin ƙa'idodinta an keɓe zango ɗaya na radiyo don gaggawa, lambarshi 121,5. Ku riƙe wannan lamba, za mu sake gamuwa da ita.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Murya biyu gare shi, mai ba jirage hanya. Ta fari radiyo ce, wadda yake magana da matuƙi. Ta biyu talho ce, wayar da yake magana da maƙwabcinshi. An raba sama kamar yadda aka raba gonaki, kowace cibiya da iyakarta. Kafin jirgi ya fita daga gonar wannan ya shiga ta wancan, dole a sanar: ga jirgi kaza nan tafe, a tsawo kaza, zai iso ƙarfe kaza. In wannan waya ta katse, jirgi yana iya faɗowa cikin gonar mutum bai san da zuwanshi ba.

Mu nan mun san wannan matsala, don samaniyarmu faɗi gare ta. A ranar 12 ga Disamba 1959, a garin Saint-Louis na Senegal, aka kafa ASECNA, hukumar da ƙasashen Afirka da dama suka haɗa hannu a cikinta don tsaron jirage, har da Nijar. Cibiyarta ta Yamai aka ba kula da wani babban yanki na sama, har bisa Sahara. Makarantar da take horar da masu ba jirage hanya, EAMAC, ita ma a Yamai aka gina ta. Radiyon da aka saba magana da jirage da shi ɗan uwan FM ne. Muryarshi garau take, amma miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar duniya, saboda haka bayan ƴan ɗaruruwan kilometir sai ta ɓace. Bisa Tenere sai a koma gajeren zango. Duk mai sauraren gajeren zango ya san halinshi: yana kai nesa, amma da ƙara da shuuu, kuma abin da ya yi da rana ba shi yake yi da dare ba. Saboda wannan ne, shekaru da yawa, matuƙan da ke ratsa Afirka suka riƙa yi wa kansu ko-ta-kwana. Sukan buɗe zango na 126,9, kowa ya faɗi sunan jirginshi, da inda yake, da tsawon da yake tafiya, don ƴan uwanshi da ke kusa su ji. Kamar dai masu tafiyar dare a daji da ke gyaran murya don kada su yi karo.

A ranar 13 ga Satumba 1997, wani jirgin sojan Jamus ya sauka Yamai ya sha mai, ya tashi ya nufi Windhuk, babban birnin Namibiya. Saƙon da ke cewa yana tafe bai isa Windhuk ba. Layin saƙonni tsakanin cibiyoyin ba shi da tabbas a lokacin. Jirgin kuma yana tafiya a tsawon da ba nashi ba. Bisa teku, yamma da gaɓar Namibiya, ya yi karo da wani jirgin sojan Amurka da ya taso daga Windhuk. Mutum 33 suka mutu, ba wanda ya tsira.

Wani zai ce ai wannan talaucin kayan aiki ne, Afirka ce. To, ku saurari abin da ya faru a tsakiyar Turai, a ƙasar da ta yi suna wajen ƙera agogo.

Daren 1 ga watan Yuli ne, shekarar 2002. Jirage biyu suna sama. Na fari jirgin Rasha ne, samfurin Tupolev, ya taso daga Mosko za shi Barsalona ta ƙasar Sipaniya. Mutum 69 ne a ciki, mafi yawansu yara ƴan makaranta daga garin Ufa, za su hutu bakin teku. Na biyu jirgin kaya ne na kamfanin DHL, samfurin Boeing, ya taso daga Bergamo ta Italiya za shi Burusel ta Beljik. Matuƙa biyu kaɗai ke cikinshi. Na Rasha yana yin yamma, na kaya yana yin arewa. Dukansu suna tsawo ɗaya, ƙafa dubu 36, wato wajen metir dubu 11. Hanyoyinsu za su gicciye bisa kudancin Jamus, kusa da garin Uberlingen, a bakin tafkin Konstans.

Ƙasar ta Jamus ce, amma kula da samanta yana hannun cibiyar Zurik ta ƙasar Suwis, wadda kamfanin Skyguide ke gudanarwa. A daren nan mutum biyu aka sa aiki. Ɗaya ya tafi ɗakin hutu ya kwanta. Haka suka saba yi in dare ya raba jirage suka ragu, shugabanni kuma sun sani, sun yi shiru. Aka bar mutum ɗaya, Peter Nielsen, da wata mai taimaka mashi wadda ba ta da izinin ba jirage umurni.

A wannan daren kuma aka shirya gyaran na'urori. Masu gyara suka zo bayan ƙarfe 11. Suka mai da madubin hangen jirage, wanda ake kira rada, bisa ƙaramin tsarinshi na ko-ta-kwana. A wannan tsari, alamar da ke fitowa bisa gilashi in jirage biyu sun kusa haɗuwa ba ta aiki. Sa'an nan suka nemi ya ba su babbar talho, wadda ke haɗa shi kai tsaye da maƙwabta. Ya ba su. Ai akwai ta ko-ta-kwana.

Ana cikin haka sai ga jirgi na uku, wanda ya makara, yana son sauka a wani ƙaramin fili da ke bakin tafkin, filin Friedrichshafen. Sauko da shi aikin Nielsen ne, amma a wani tebur dabam, mai gilashinshi dabam da zangon radiyonshi dabam. Sai ya zama yana tura kujera tsakanin tebur biyu. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Kafin ya miƙa jirgin ga ƙaramin filin, dole ya kira su. Ya ɗauki wayar ko-ta-kwana ya buga. Ba ta shiga ba. Ya sake bugawa, ba ta shiga ba. Ya sa mai taimaka mashi ta nemo lambar, aka sake gwadawa, shiru. Akwai lahani a cikin tsarin wayar, kuma ba wanda ya sani, sai a wannan lokaci da aka bukace ta. Mintoci masu tsada suka tafi wajen fama da waya. Daga ƙarshe sai ya ce wa matuƙin jirgi na uku ya kira filin da kanshi ta radiyo. Duk wannan lokaci, a ɗaya gilashin, ɗigo biyu suna matsowa kusa da juna.

Ga wurin da ya fi ciwo a labarin. A garin Karlsruhe na Jamus akwai wata cibiya, maƙwabciyar Zurik. Na'urarta lafiya lau take. Wajen minti biyu kafin karon, alamar haɗari ta fito a gaban ma'aikacin can. Ya ga jirage biyun da idonshi. Ba a gonarshi suke ba, ba su kan zangonshi, saboda haka ya ɗauki talho ya kira Zurik. Ba ta shiga ba. Ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa. Ba a sanar da su cewa an kashe babbar wayar Zurik a daren ba. Mutum yana kallon haɗari yana tafe, maganin yana bakinshi, ya rasa hanyar da zai isar da shi.

Kun tuna lambar nan, 121,5? Tana nan a gabanshi. Bai yi magana a kanta ba, don ƙa'idar aikinshi ba ta ba shi damar ba jiragen wani umurni ba tare da ya yi shawara da mai su ba. Kada mu yi saurin zarginshi. Ƙa'idar tana da dalili. In maƙwabci ya ce wa jirgi hau, mai gona kuma ya ce sauka, an ƙara rikita abin. Amma ni a ganina, duk wanda ya rubuta wannan ƙa'ida ya rubuta ta ne da zaton talho ba ta mutuwa.

Saura ƙasa da minti ɗaya Nielsen ya dawo teburin fari ya ga abin da ke faruwa. Nan take ya ce wa jirgin Rasha ya sauko da sauri. To, a cikin kowane jirgin akwai wata na'ura ta kauce wa karo, ana ce mata TCAS. Na'urorin jirage biyu sukan yi magana da juna, ɗaya ta ce wa matuƙinta hau, ɗaya ta ce sauka. A daren nan ta jirgin kaya ta ce sauka, matuƙan suka bi. Ta jirgin Rasha ta ce hau. Matuƙan Rasha suka ji murya biyu, mutum ya ce sauka, na'ura ta ce hau. Suka bi mutum. Sai ya zama jirage biyun duka suna saukowa tare. Matuƙan jirgin kaya sun faɗa a radiyo cewa suna saukowa, amma Nielsen bai ji ba. Shi a zatonshi ya raba su, har ya koma wajen jirgi na uku.

Da ƙarfe 11 da minti 35 na dare suka haɗu. Wutsiyar jirgin kaya ta yanka jirgin Rasha. Na kayan ya ɗan ƙara gaba babu wutsiya, shi ma ya faɗi. Mutum 71 suka mutu. Mutanen ƙauyukan wurin ne suka wayi gari suna tsintar gawawwakin yara a gonakinsu.

Hukumar binciken haɗarin jirage ta Jamus ta fito da rahotonta a watan Mayu na 2004. Ta nuna abubuwa da dama da suka taru: barin mutum ɗaya shi kaɗai, rashin bayyana mashi abin da gyaran zai kashe, da rashin daidaiton ƙa'idodi game da na'urar TCAS. Kan maganar waya, binciken ya tono abu biyu masu ban takaici. Babbar talho ta dawo aiki jim kaɗan kafin karon, amma ba a gaya mashi ba. Kuma akwai wayar hannu da aka tanada a ɗakin don irin wannan rana, ba a yi amfani da ita ba.

Ku duba da kyau, ƴan uwa. Waya uku ke ɗakin nan. A takarda, ba abin da ya rasa. In mai duba aiki ya zo ya ƙirga, zai rubuta cewa komi ya cika. Amma ta fari an kashe ta da gangan, ta biyu tana da lahanin da ba a gano ba, ta uku kuma ba ta zo hannun mai aikin ba. Direbobinmu sun san wannan. Tayar da ke ɗaure a bayan mota, in ba ka taɓa ta ba tun bara, ba ka san ko da iska a cikinta ba, sai ranar da ka yi faci tsakanin Tanut da Agadas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an karɓe babbar wayar daga hannun mutum ba a tabbatar, a wannan lokacin, cewa ƙaramar tana kai kira inda ake so ba. Kira ɗaya zuwa ga kowane maƙwabci ya isa, aikin minti biyu ne.

Bayan wannan haɗari an gyara doka. Daga 2003 OACI ta bayyana sarai cewa in na'urar TCAS ta ba da umurni, ita matuƙi zai bi, ko da mai ba da hanya ya faɗi wani abu dabam. A 2007 wata kotu a Suwis ta sami ma'aikatan Skyguide huɗu da laifin sakacin da ya jawo mutuwa. Nielsen bai ga wannan shari'a ba. Wani mutumin Rasha, Vitaly Kaloyev, wanda matarshi da ƴaƴanshi biyu suka mutu a jirgin, ya je har gidanshi kusa da Zurik a ranar 24 ga Fabrairu 2004, ya kashe shi da wuƙa. Haka aka ƙara marayu bisa marayu, don shi ma yana da mata da ƴaƴa.

Akwai wata hanya kuma da ko-ta-kwana ke cin amana, ko da an gwada ta tana aiki. Amurka ta gan ta a 2014. A garin Aurora, kusa da Shikago, akwai ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ba jirage hanya na ƙasar. Da asubahin 26 ga Satumba, wani ma'aikacin kamfanin da ke kula da wayoyin cibiyar ya shiga ɗakin ƙasa, ya yanke wayoyi, ya sa wuta. Ya san wurin sarai. Manyan layukan da na ko-ta-kwana duka a gini ɗaya suka taru, saboda haka hannu ɗaya ya kashe su tare. Manomi ma ba ya zuba iri da cimaka a rumbu ɗaya in yana tsoron gobara.

Radiyo ya tafi, talho ta tafi, rada ta tafi. Aka fitar da ma'aikata daga ginin saboda hayaƙi. Sai dai a wannan karon ba a rasa rai ko ɗaya a sama ba. Asuba ce, jirage ba su yi yawa ba tukuna. Cibiyoyin maƙwabta suka karɓi waɗanda ke sama, aka hana na ƙasa tashi. Dubban tafiye-tafiye aka soke cikin kwanakin da suka biyo. Da yake layin da ke aika bayanin jirage daga kwamfuta zuwa kwamfuta ya ƙone, sai aka koma yadda kakanni suka yi: a kira a talho, a karanta sunan jirgi da tsawonshi da hanyarshi, na can ya rubuta da hannu. Ma'aikatan Aurora kuma aka rarraba su zuwa wasu cibiyoyi da filaye, kowa ya zauna kusa da mai gida, don su ne suka san gonarsu. Masu gyara suka yi aiki dare da rana suna ja sababbin wayoyi, cibiyar ba ta koma aiki ba sai ranar 13 ga Oktoba, bayan kwana 17.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.